Yini ɗaya a Stockholm: kufan Birka ko tsibiran teku?

Duk wanda ya zo Stockholm tsakanin Yuni da Agusta, ko taro ne ya kawo shi, ko karatu, ko ziyarar 'yan uwa, yakan sami rana guda da hannunsa ya sake. Ya riga ya zaga tsohon gari, ya ɗauki hoto a gaban fada, sai ya fara tambayar inda zai nufa a wajen birni. An sha yi mini wannan tambaya, kuma amsarta tana farawa ne daga yadda ruwa ya raba garin. Stockholm na zaune a kan tsibirai 14, daidai inda tafkin Mälaren ke zubewa cikin tekun Baltik. Yamma tafki ne mai ruwan daɗi, nan tsofaffin garuruwan ƙasar Suwidin suke. Gabas kuwa teku ne mai ruwan zartsi, da tsibirai da duwatsu kusan 30,000 a warwatse har inda ido ya gaza. Jiragen yamma suna tashi daga gefen Stadshuset, ginin majalisar birni mai jan bulo inda ake liyafar Nobel duk ranar 10 ga Disamba. Na gabas yawanci daga Strömkajen suke tashi, daura da fadar sarki. Tazarar tashoshin biyu ba ta wuce tafiyar minti ashirin a ƙafa ba, amma yinin da kowace za ta ba ka daban yake.

Bari in fara da yamma, domin can zuciyata ta fi karkata, ba zan ɓoye ba.

Birka tana kan tsibirin Björkö, kimanin kilomita 30 yamma da Stockholm. An kafa ta wajajen shekarar 750, ta yi tashe sama da shekara ɗari biyu, sannan mutane suka watse suka bar ta wajajen 975. Ita ake yawan kira garin farko na Suwidin. Ba wani babban gari ba ne a lissafinmu na yau, mazaunanta ba su wuce ɗari bakwai zuwa dubu ba, amma kasuwa ce da fatake ke haɗuwa daga kowace kusurwa. Daga arewa ana kawo fatun dabbobi masu gashi da ƙarfe, ana kuma sayar da bayi, wannan ma yana cikin tarihin wurin. Daga kudu da gabas ana shigo da duwatsun ado na gilashi, da alharini, da azurfa. A 1993 UNESCO ta sa Birka, tare da Hovgården da ke tsibirin Adelsö na tsallake inda gidan sarki yake, cikin wuraren tarihi na duniya.

Azurfar nan ita ce ta ɗaure ni da wurin. Galibinta dirhami ne na ƙasashen Musulmi, wasu bugun Bagadaza, da yawa bugun Samarƙandi da Tashkent a zamanin daular Samaniyawa. 'Yan Viking, wato mutanen arewacin Turai na wancan zamani masu fatauci da yaƙi ta jiragen ruwa, na wannan yanki gabas suka fi fuskanta: su ƙetare Baltik, su bi kogunan Rasha har Volga, su yi ciniki da fataken Musulmi. Irinsu ne Ahmad ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya gani a bakin Volga a 922 ya kuma bayyana kamanninsu da al'adunsu. Su ba ƙirga dirhamin suke yi ba, auna shi suke yi, shi ya sa ake samun kuɗin a gutsuttsure tare da 'yan ƙananan ma'aunai masu naɗewa da ɗan kasuwa ke sa wa a jakarsa. A kabarin wata mata ta ƙarni na 9 an sami zoben azurfa mai idon gilashi, da rubutun Larabci irin na Kufi a kai, wanda masu binciken da suka duba shi a 2015 suka fassara da “domin Allah”.

To, ga abin da ya kamata a faɗa tun kafin ka sayi tikiti. Idan ka sauka a Björkö ba za ka ga gini ko ɗaya na zamanin ba. Gidajensu na katako ne, sun ruɓe tun tuni. Abin da za ka gani shi ne fili mai ciyawa da ake kira Svarta jorden, wato baƙar ƙasa, saboda tokar murhu da sharar shekaru ɗari biyu sun sauya mata launi, da ragowar ganuwar ƙasa, da tudun da sansanin tsaro yake, da kaburbura. Kaburburan kusan 3,000 ne, yawancinsu 'yan tuddai ne masu ciyawa da tumaki ke kiwo a tsakaninsu. Akwai ƙaramin gidan tarihi, da 'yan gidaje da aka sake ginawa a bakin ruwa don a nuna yadda na da suke. Kufai ne a cikakkiyar ma'anar kalmar. Wanda ya zo da tsammanin ganin manyan bangaye irin na Masar ko Rum zai koma yana cewa an kai shi makiyaya.

Abin da ke raya wurin shi ne bakin ɗan jagora, don haka kada ka tsallake zagayen da ake yi da shi, ana yin sa da Turanci ma. Shi zai tsayar da kai a kan wani ɗan wuri da ba za ka kula da shi ba, ya ce maka nan ne kabarin da ake kira Bj 581. An tona shi a 1878, aka tarar da takobi, gatari, mashi, kibau, dawakai biyu da 'ya'yan wani wasa mai kama da dara. Fiye da shekara ɗari kowa na cewa kabarin babban jarumi ne, sai a 2017 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ƙasusuwan na mace ne, kuma har yau masana na muhawara a kan abin da hakan ke nufi. Shi ma wanda ya tona shi, Hjalmar Stolpe, ba tarihi ya zo nema ba da farko. Masanin ƙwari ne, ya zo a 1871 yana neman ƙwarin da suka maƙale cikin daskararren ƙaron itace, sai ya ga ƙasar cike da kayan mutanen da. Ya ƙare yana tona kaburbura kusan 1,100 cikin shekaru ashirin da wani abu. A saman tudun kuma akwai gicciyen dutse da aka kafa a 1834 don tunawa da Ansgar, malamin Kirista da ya zo wa'azi wajajen 830. Daga nan sama kana ganin tafkin ta kowane ɓangare, sai ka gane dalilin zaɓen wurin: babu jirgin da zai wuce ba a hango shi ba.

Mafi yawan kayan da aka tono ba a tsibirin suke ba, suna gidan tarihin da ake kira Historiska museet a cikin Stockholm. Wannan ya sa shawarata ba ta canzawa: ka je gidan tarihin kwana ɗaya kafin tafiya Birka, ko da awa biyu ne. Na kai kawuna gidan tarihin a zuwansa, mutum ne da ya yi karatun allo kafin na boko. Ya tsaya gaban akwatin gilashin da aka zuba dirhamai, ya cire tabarau ya goge, ya sunkuya har numfashinsa na taɓa gilashin. Can sai ya ce, “Kai, ɗan nan, matso ka gani.” Ya bi rubutun wani kuɗi da yatsa a iska yana karantawa a hankali: la ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu. Ya daɗe bai ce komai ba. Washegari da muka sauka a Birka, ciyawar nan ba ciyawa ba ce kawai a idonsa, yana tafiya yana tambayar ta ina jiragen suke shigowa.

Sai dai kawu ya sha wuya a hawan tudun, kuma wannan na cikin lissafi. Hanyar ba ta da tsawo amma ƙasa ce da duwatsu, ba ta yi wa mai ciwon gwiwa ko mai tura keken jariri daɗi. Jirgin yana ɗaukar kimanin awa biyu zuwa, biyu dawowa, kuma galibi sau ɗaya yake tashi a rana, da hantsi. Za ka sami awa uku ko makamancin haka a tsibirin. Ba ka da ikon cewa na gaji, bari in koma da wuri, kuma ba ka da ikon ƙara zama idan wurin ya yi maka. Yinin gaba ɗaya ka ba shi.

Gabas kuwa sassauci ne babban abin da take bayarwa. Jiragen kamfanin Waxholmsbolaget kamar motocin haya suke ga mazauna tsibiran, suna tashi sau da yawa, suna tsayawa a ƙananan matsayu suna sauke mutane da kayan cefane da kekuna. A irin waɗannan matsayu akwai wani faifai a kan sanda da mai jira zai ɗaga, in bai ɗaga ba jirgi ya wuce abinsa. Har yanzu kamfanin na gudanar da tsofaffin jirage masu aiki da tururi, Storskär na 1908 da Norrskär na 1910, kuma idan ka dace da ɗayansu, tafiyar kanta ta isa abin tunawa: katako mai sheƙi, tagulla a goge, injin yana numfashi a hankali maimakon ruri.

Vaxholm ita ce ƙofar tsibiran, kimanin awa ɗaya a jirgi. Gari ne sosai, mai shaguna da gidajen katako masu launi-launi da wuraren shan shayi. A kan wani ɗan dutse a tsakiyar mashigar ruwan akwai sansanin yaƙi da Sarki Gustav Vasa ya sa aka fara ginawa a 1548 don tsare hanyar shiga Stockholm. Ya tare 'yan Denmak a 1612 da Rashawa a 1719, ginin da ake gani yanzu kuma na tsakanin 1833 da 1863 ne. Ke nan mai neman tarihi ba zai tashi hannu rabbana ba, sai dai tarihi ne na bindigogi da ganuwa, shekara ɗari biyar, ba dubu da ɗari biyu ba. Babban alfanun Vaxholm shi ne tana da gada. Idan ruwan sama ya tsuge, ko yaro ya fara kuka, ko dattijo ya gaji, sai ku hau bas mai lamba 670 ku koma gari. Ga iyali masu ƙananan yara, ko mai rabin yini kawai, ban san wurin da ya fi ta ba. Illarta ita ce ba za ka ji ka bar duniya ba. A watan Yuli bakin ruwan cike yake da mutane, ga motoci, ga layin sayen askirim.

Akwai Fjäderholmarna da ba ta kai rabin awa ba daga gari. Ta yi wa wanda jirgin samansa zai tashi da daddare kuma yana son ya ce ya taka tsibiri. Iyakarta ke nan.

Wanda ke son ainihin abin da 'yan Suwidin ke nufi idan suka ce sun tafi skärgården, wato tsibiran teku, sai ya wuce Vaxholm. Grinda tana gaba kaɗan, tsibiri ne da aka keɓe don kare yanayi, mai daji da makiyaya da duwatsu masu santsi da ke gangarawa cikin ruwa. Babu abin “gani” a can irin na littafin yawon buɗe ido, in ban da wani gidan dutse da babban daraktan farko na Gidauniyar Nobel, Henrik Santesson, ya gina bayan ya sayi tsibirin a 1906, wanda yanzu masauki ne da gidan abinci. Abin yi shi ne ka zaɓi dutse, ka shimfiɗa zane, ka buɗe guzuri. Dokar ƙasar da ake kira allemansrätten ta ba kowa, har baƙo, damar yawo da zama da tsinkar 'ya'yan itacen daji a kusan ko'ina, muddin bai matsa kusa da gidan wani ba, bai ɓata komai ba, bai kuma bar shara ba. Na fi son Grinda a kan dukkan tsibiran gabas, saboda tana da faɗin da za ka iya samun lungunka kai kaɗai.

Sandhamn kuma can bakin teku take, inda tsibirai ke ƙarewa. Tafiyar ta haura awa biyu daga tsakiyar gari, ko ka hau bas zuwa Stavsnäs ka shiga jirgi daga can. A hanya kana kallon yadda ƙasa ke sauyawa: manyan gidaje da dogayen itatuwa su ba da wuri ga jajayen bukkokin katako, su ma su ba da wuri ga tsirarun duwatsu da tsuntsaye. Tsohon ƙauyen masu yi wa jirage jagora ne, mai 'yan siraran lunguna, yanzu kuma matattarar masu tseren jiragen filafilai. Bayan tafiyar minti ashirin cikin dajin fain za ka iso Trouville, gaɓa mai farin yashi. Kyau kam akwai shi. Amma in faɗi gaskiya yadda zan faɗa wa ɗan uwana: a tsakiyar bazara tashar Sandhamn wurin shagali ne, ana shan giya a fili, a bakin yashi kuma mutane na cikin kayan wanka. Wanda zai tafi da iyayensa ko surukansa ya san da wannan, kuma abinci a can yana da tsada ko a ma'aunin Suwidin. Sannan idan rana ta ƙi fitowa, ka yi awa biyar a ruwa don ka ga hazo.

Nan ne ma bambancin ya fi fitowa. Daɗin tsibiran gabas a hannun yanayi yake, yanayin Stockholm kuwa ba shi da alƙawari. Birka ko an yi lumshi labarinta na nan. Tafkin ma ya fi tekun kwanciya, don haka mai jin jiri a ruwa ya fi samun sauƙi a yamma, ko da yake hanyar Vaxholm da Grinda ita ma a cikin kariyar tsibirai take.

Idan kuwa aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ko kana da wanda ko kusa ba ya shiga jirgin ruwa, akwai mafita ta tudu. Jirgin ƙasa na kai ka Uppsala cikin kimanin minti arba'in, daga can bas zuwa Gamla Uppsala, kilomita biyar arewa da gari. Manyan tuddai uku ne a jere, kaburburan manyan mutane na ƙarni na 6 da na 7, sun girmi Birka, kuma sun fi duk abin da ke Birka cika ido. Adam na Bremen ya rubuta a shekarun 1070 cewa akwai ɗakin bautar gumaka a wurin, inda ake babban yanka duk bayan shekara tara. Daga baya aka gina majami'a a nan, ta zama mazaunin babban limamin Kiristan ƙasar a 1164, kuma a cikinta aka binne Anders Celsius mai ma'aunin zafi. Gidan tarihin wurin ya fi na Birka girma. Abin da babu shi ne ruwa da tsibiri, kuma mutum ya zo Stockholm da bazara bai hau ruwa ba, ya yi asarar rabin garin. Sigtuna, wadda aka kafa wajajen 980 ta gaji kasuwar Birka, ita ma ta tudu ake zuwa, kusa take da filin jirgin Arlanda, tana da kangayen majami'u da duwatsu masu tsohon rubutun mutanen yankin da ake kira run a tsakiyar gari. Ta dace da ranar tafiya gida.

Wasu abubuwa sun shafi kowace hanya ka zaɓa. Ka ɗauki rigar sanyu ko da ka fito ana rana, domin iskar saman jirgi daban take da ta titi, ruwan kuma ko a Yuli sanyinsa na ratsa ƙashi ga wanda bai saba ba. Kaska na da yawa a cikin doguwar ciyawa, a tsibiran teku da na tafki duka, kuma wasunsu na ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ka sa dogon wando, ka cusa ƙafarsa cikin safa, da dare ka duba jikinka da na yara. Kuɗin hannu kusan ba su da amfani, kati ake karɓa ko'ina. Ka guji Juma'ar bikin tsakiyar bazara, wadda ke faɗowa tsakanin 19 da 25 ga Yuni, domin ranar gari kan kwashe zuwa tsibirai, jirage su cika, shaguna su rufe. Naman halal ba abin sa rai ba ne a tsibiri, amma kifi na nan, soyayye da mai hayaƙi, da jatan lande a kan burodi. Mafi kwanciyar hankali dai ka yi guzuri daga gari. Salla kuwa ba ta da wuya: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, don haka Azahar da La'asar ne kawai za su same ka a hanya, kuma tsaftataccen dutse ko ciyawa ba sa wuyar samu. Idan Juma'a ce, zuwa salla a babban masallacin da ke cikin gari, kusa da dandalin Medborgarplatsen, zai sa tafiyar Birka ba za ta yiwu ba, sai dai Vaxholm bayan an sauko, tunda hasken rana na nan har dare.

In ka tambaye ni kai tsaye, kana da ƙafa lafiya, kana da cikakken yini, ba ka tare da ƙananan yara, to ka tafi Birka. Ita kaɗai ce ke haɗa maka biyun: awa huɗu a kan ruwa tsakanin tsibirai masu daji, da ƙasar da dirhamin Samarƙandi ya kwana a cikinta shekara dubu. Mai kwana biyu ya ƙara da Grinda, ya sa ta a ranar da hasashen yanayi ya fi kyau, ya bar wa Birka ɗayar. Mai iyali ko dattijo ya nufi Vaxholm da jirgi, ya dawo da bas idan gajiya ta zo. Sandhamn ka bar ta sai zuwa na biyu, ko sai ƙarshen Agusta lokacin da makarantu suka koma, tashar ta yi shiru. Tikitin Birka kuma ka saye shi tun da wuri ta intanet, ka iso Stadshuset da sauran lokaci, domin kujerun saman jirgi su ke fara cika.